"Ba Laifi," In Ji Yaya Abdulghaffar

Yayana Abdulghaffar mai gyaran mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki, kuma a zafin Jidda wannan sana'a ba ta mutuwa. Amma in ka shiga kudancin gari kana neman Abdulghaffar mai gyara, sai a tsaya ana kallonka. Ka ce Kabtin Abdulghaffar mai duba yaran ƙwallo, nan take za a raka ka har ƙofar gida.

A unguwar Karantina aka haife mu, shi ne babba, ni Mastura ce auta. Kakanmu ya zo aikin Hajji bai koma ba, mu kuma muka tashi a nan da iƙama, wato katin zaman baƙi, a aljihu. Yaya ya buga ƙwallo da ƙuruciya a filin ƙasa na bayan masallacinmu, kuma tsaransa sun ce ya iya. Sai dai a lokacinsa bai sami kulob ɗin da zai kalli ɗan iƙama ba, iyawar ta ƙare a unguwa. Da gwiwa ta fara damunsa sai ya koma gefen fili, ya sami wata tsohuwar tayar mota ya mayar da ita kujera.

Ni ƙwallo hayaniya ce kawai a wurina, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma na sha jin yadda yake aikinsa, don in ya fara bayani ba ya barin mutum ya sha shayi.

"Kowa wanda ke riƙe da ƙwallo yake kallo," in ji shi. "Ni wanda aka ƙwace wa nake kallo. In ya tsaya yana ɗaga hannu yana zagin abokinsa, halas, na gama da shi. In ya juyo ya bi ta da gudu, to akwai magana."

Yakan daɗe yana bin yaro ɗaya daga fili zuwa fili bai ce masa uffan ba. So yake ya gan shi ranar da aka ci su, da ranar da yake azumi, da ranar da ubansa ya zo kallo. Da aka ɗan buɗe ƙofa ga mawalid, wato irinmu da aka haifa a ƙasar ba mu da jinsiyya, wani kulob ya fara turo mutuminsa, Kabtin Sa'ud, mai zaɓen matasa. Sa'ud ya gane maganar Yaya ba ta faɗuwa ƙasa, ya riƙe shi hannu biyu. Kuma in Yaya ya yarda da ɗan wani, kai, bakin nan sai ka ce na maroƙi. Ya yabi ƙafa, ya yabi ido, ya yabi har yadda yaro ke gaida mutane.

Yaro ɗaya ne bakin ya ƙi buɗewa a kansa, shi ne Mu'az, ɗansa na fari.

Kun dai san halinmu a kan ɗan fari. Mutanenmu da yawa a Jidda sun watsar da wannan kunya, amma gidanmu an riƙe ta gam. Abin dariya, Larabawa da sunan ɗan fari suke kiran uba, don haka duk gari Abu Mu'az ake ce masa, shi kuwa tun ran suna bai taɓa furta sunan ba. "Yaron nan" ne, ko "ɗan wajenki", saboda ni aka ba wa shi da aka yaye shi, a hannuna ya girma. Ni na wanke masa rigunan ƙwallo, ni na gasa masa ƙafa da ruwan zafi, ni na biya gilashin tagar maƙwabta da ya fasa ba sau ɗaya ba.

Da aka rushe Karantina muka koma unguwar Madain Fahd. Filayen ƙasa suka tafi, yaran da Yaya ke bi suka watse, wasu ma har yau ba a san inda iyayensu suka nufa ba. Mu'az bai daina ba. Yana tashi daga makaranta sai fili, har ya kai shekararsa ta ƙarshe da za a iya ɗaukarsa a ƙungiyar matasa. A shekarar nan kulob ɗin su Sa'ud gurbi ɗaya tak ya ware wa ɗan mawalid. Aka yi ta gwaji ana tankaɗe yara, har ya rage saura biyu, Mu'az da wani yaro Yazan.

Ranar gwajin ƙarshe, bayan la'asar, na ce sai na je. Na zauna bayan wayar shingen fili, dab da bencin da Yaya da Sa'ud suke, ina jin duk abin da suke faɗa. Aka buga, aka tashi. Ni dai na ga mutane suna tafi in Mu'az ya taɓa ƙwallo.

Sa'ud ya juyo da Larabci ya ce, "Abu Mu'az, kaina ya rabu biyu. Faɗa mini gaskiya, me ka gani a Yazan?"

Yaya ya gyara zama. Ya ce yaron yana da huhu, yana da haƙuri, ba ya tsoron babba, in aka ba shi shekara biyu za a sha mamaki. Ya yi ta zuba, Sa'ud na gyaɗa kai.

"To ɗanka fa?"

Sai na ga Yaya ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ya yi gyaran murya. Ya ce, "La ba'as."

Ba laifi ke nan. Abin da zai faɗa da Hausa shi ya ɗauko ya sa wa rigar Larabci. Ni da na san gidanmu na san ya kai maƙura, don ban taɓa jin ya faɗi ko rabin haka a kan yaron ba. Amma na ga fuskar Sa'ud. Ya jira ƙarin magana, bai ji ba, ya ɗan taɓe baki, ya tashi ya nufi wajen sauran masu zaɓe. Kafin magariba aka sanar an ɗauki Yazan.

Ban yi wata-wata ba, na tare Sa'ud a wajen motarsa. Na ce masa bai fahimci maganar ba.

Ya ce, "Hajiya, na daɗe ina sauraron mutumin nan. In yaro ya yi masa, ba ya iya yin shiru. Yau an tambaye shi ɗan cikinsa ya ce la ba'as. Wallahi akwai abin da ya gani, bai so ya faɗa ne kawai."

Na ce al'ada ce, kunya ce, mu ba ma yabon ɗan fari.

"Kunyar me?" in ji shi. "Ba ɗansa ba ne?"

Larabci a bakina na tashi da shi, amma ranar nan na laluba na rasa kalmar da zan ba shi. Ya ce kuma an riga an gaya wa mahaifin Yazan, ba zai koma ya kwance ba. Ba na ganin laifinsa, shi ma abin da kunnensa ya ji ya bi.

A gida na sauke wa Yaya kwandon masifa. Na ce, "Haba Yaya! 'Ya'yan mutane ka bi su da kirari, naka ka yanka shi da kalma biyu?"

Ya ɗago yana kallona, kuma na ga da gaske bai gane ba. "Ai na ce ba laifi, Mastura. Me kike so in ce? Ranar da na sauke Alƙur'ani abin da Baba ya faɗa a kaina ke nan, kuma don murna ko abinci ban iya ci ba."

"Baba da Bahaushe yake magana! Kai da wa kake magana?"

Nan ne abin ya sauka masa. Na tausaya masa, amma haushi bai bar ni na nuna ba. Na cusa masa waya a hannu na ce yalla, maza kira Sa'ud, ka faɗa masa abin da ke ranka. Ya kira. Ya gaida Sa'ud, ya tambayi iyali, ya tambayi jikin tsohuwarsa. Ina tsaye a kansa ina zare ido. Da ƙyar ya ce, "Yaron nan, da za a sake duba shi." Sa'ud ya ce in sha Allahu baɗi. Dukansu biyu sun san baɗi shekarunsa sun wuce.

Mu'az bai yi faɗa da kowa ba, wannan ya fi ci mini rai. Ya sami aikin kai wa mutane abinci a babur, ya daina zancen fili. Na yi masa bayani har bakina ya gaji. Yana jin Hausa sarai, amsawa ce sai da Larabci. Ya ce, "Gwaggo, na ji. Amma ke ba ki san ƙwallo ba. Shi ya sani."

Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Yaya na zaune a falona ya baje wata na'ura yana kwancewa. Mu'az ya fito da hular babur a hannu, ya kai ƙofa, sai ya dawo ya tsaya a gabansa.

"Baba, tambaya ɗaya, ba zan sake ba. Na iya, ko ban iya ba?"

Yaya bai ɗago ba, yana ta juya wani ƙaramin ƙarfe a hannu. Can ya ce, "Ka ci abinci kuwa?"

Mu'az ya gyaɗa kai a hankali, ya fita, ya ja ƙofa. Muna jin takunsa yana sauka daga bene.

Sai Yaya ya fara magana, ba da ni ba, da ƙarfen hannunsa. Ya ce tun da yake zama a bakin fili bai ga kamar yaron nan ba. Ya ce ƙafa biyu duk dama ce a wurinsa, kafin ƙwallo ta iso ya riga ya san inda zai kai ta, in ya faɗi ba ya neman wanda ya ture shi. Ya ce Yazan yaro ne mai kyau, amma ko kusa bai kama ƙafarsa ba. Hawaye na bin gemunsa, maganar kuma ta ƙi tsayawa.

Na ruga taga na buɗe, na ƙwala kira, "Mu'az! Mu'az, dawo ka ji!" Ya riga ya sa hula, ya tayar da babur, bai ji ni ba. Ina kallo ya sha kwana. A bayana ubansa yana nan yana ta lissafa abin da ya gani, ni kaɗai ke ji, ni da ban san ƙwallo ba.