Yadda Kamfanin Aro Ya Kusa Mayar Da Ni Yaron Shago

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatunka. Ina roƙon a sakaya sunana, ko da yake na san aikin banza ne, domin duk wanda ya taɓa bi ta Hayin Banki ya ji wata dariya mai kama da tashin tsohon janareto, to ya riga ya san ni. Ni kafinta ne. A shekarun da nake ba da labari, ina da shagona, ina da ma'aikatana magidanta, ina da tumbin da yakan riga ni shiga ɗaki ya yi sallama. Aikina benci da tebur na makarantu. Ba yabon kai ba, rabin yaran Kawo a kan bencina suka koyi karatu, ragowar rabin kuma a kansa suka sha barci. Idan na buga ƙusa, sai dai jikokin mai makarantar su gaji bencin. Abu ɗaya ne ba ni da shi, kuma a lokacin alfahari nake yi da rashinsa: rajistar kamfani.

A majalisarmu ta wajen mai shayi, kusa da tashar Kawo, ni ne shugaban masu yi wa rajista ba'a. Nakan ce wannan harka ce ta masu ɗaure wuya da kwat a tsakiyar zafi. Nakan rantse cewa ranar da mutum ya yi rajista, washegari masu haraji za su iso da kujerunsu, su ƙirga masa har ƙusoshin da suka lanƙwashe. Ban taɓa ganin wanda aka yi wa haka ba, amma na faɗa har na yarda da kaina. Uwargidana takan ce in je in tambayi wanda ya sani mana, ni kuwa in ce mata zarto da guduma su ne satifiket ɗina, duk mai son gani ya zo shago.

To, makarantu suka fara canza hali. Wadda da can za ta kira ni mu yi ciniki a tsaye a gindin bishiya, sai ta ce kwamiti na son takardun kamfani da asusun banki mai sunan kamfanin. Nan na samo dabarar da na ɗauka ta fi ta kowa. Ina da amini, wani Alhaji ɗan kwangila, mutumin kirki, yana da kamfani mai cikakkiyar rajista. Muka shirya: ni zan nemo aiki, ni zan yi awo, ni zan sayo katako, ni zan ƙera, ni zan kai. Takarda kuwa da sunan kamfaninsa za ta fita, kuɗi su faɗa asusunsa, ya cire ɗan ladan aro ya miƙo mini nawa. Bai taɓa cuta ta ba, ko sau ɗaya, Allah ya jiƙansa. Shekara da shekaru muna haka. Ina dawowa majalisa ina bugun ƙirji, wai ni na ci moriyar kamfani ba tare da na taka ofishin kowa ba.

Sai Allah ya yi wa Alhaji rasuwa. Na yi kuka kamar yaro, don na yi rashin ɗan'uwa. Abin da ban lissafa ba shi ne, mun kai Alhaji makwancinsa, amma kamfaninsa yana nan da ransa, ko mura bai yi ba. Babban ɗansa, wanda na sha ɗauka a mashin ina saya masa rake yana ƙarami, ya gama karatu ya dawo ya karɓi ragama. Ni dai ban kawo komai a raina ba. Ana cikin haka sai shugabar wata makaranta a Katabu, wata Madam 'yar kudancin Kaduna da muka daɗe muna aiki tare, ta kira ni. Ta ce sun gina sashen sakandare, suna son kujerun ajujuwa gaba ɗaya, da teburan malamai, da kantocin ɗakin karatu. Aikin da ban taɓa samun irinsa ba. Na je na yi awo, ina lissafin takarda za ta fita da sunan kamfanin Alhaji kamar kullum, na dawo gida ina rawa, har na yi wa uwargida alkawarin abubuwan da ko gwamna sai ya yi tunani kafin ya furta.

Ranar zaman kwamiti na sa babbar riga, na fesa turaren da ya kori sauron unguwa, na tafi. Ina shiga na tarar da ɗan Alhaji ya riga ni, ya gaishe ni har ƙasa, ya ba ni kujera. Sai ya rarraba wa 'yan kwamiti wani ɗan littafi mai sheƙi, na tarihin ayyukan kamfaninsu. Na karɓi ɗaya ina murmushi. Shafi na farko, bencina. Na biyu, teburana. Na uku, ƙofofin da na yi wa wata Islamiyya har sai da bayana ya riƙe. Duk aikin rayuwata, a jere, a ƙarƙashin sunan kamfanin Alhaji. Can wajen ƙarshe kuma sai ga ni da kaina, riƙe da zarto, baki a buɗe ina dariya, an rubuta a ƙasan hoton wai ɗaya daga cikin ma'aikatanmu masu ƙwazo. Wani dattijo a kwamitin ya dube ni, ya dubi hoton, ya yaba wa yaron da ya iya riƙe tsofaffin ma'aikatan mahaifinsa. Edita, wallahi ji na yi babbar rigar ta koma buhun siminti a jikina.

Washegari yaron ya zo shago. Ba da rashin kunya ya zo ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya ce Baba, shi a takardun da ya gada bai ga wani ciniki tsakanina da mahaifinsa ba, ayyukan duk na kamfani ne. Amma ya san darajata, don haka yana so ya tsara abin a zamanance: ya ɗauke ni manajan ƙira, ya yanka mini albashi duk wata, ma'aikatana su koma ƙarƙashin kamfani, har da katin shaida mai igiya da zan riƙa ratayawa a wuya. A cikin shagona! Na tambaye shi ko zai riƙa ba ni hutun cin abinci. Ya ce sosai ma, Baba. Bai ma gane gatse nake yi ba. Na sallame shi, na koma gida ina huci, ina jiran uwargida ta taya ni faɗa. Ta saurare ni tsaf, sannan ta tambaya ko za ta riƙa tashina da wuri don kada oga ya yanke mini albashi. Ta yi dariya har tana riƙe bango. Da ta gama, sai ta ce yaron bai saci komai ba, ni na ɗauki aikina da hannuna na kai gidansu.

Na garzaya wurin Madam, ina cewa ai ta san ni, ta san hannuna, ta faɗa wa kwamiti gaskiya. Ta ce ta sani sarai, kuma ta faɗa. Amma makaranta ba za ta zuba kuɗin iyayen yara a asusun da nake sayen cefane da shi ba. Idan benci ya karye ya ji wa yaro ciwo, wa za su kama, dariyata? Ta ce ita ma ta gaji da ganin ƙato kamata yana laɓewa a bayan takardar wani. Kwamiti zai sake zama kafin a dawo hutu. In na zo da kamfanina za ta sa a saurare ni, in ban zo ba, to in je in auna wuyana don igiyar kati.

A nan girman kai ya sauka. Akwai wata lauya a layinmu, wadda na yi shekaru ina tsokana da cewa baƙar rigarsu ta makoki ce. Na je ofishinta ina rarrafe da baki. Na zaci za ta ce in kawo takardun gida da na gona da shaidar kakanni. Sai ta ce in kawo lambar shaidar ɗan ƙasa, da hoto, da adireshin shago, da sa hannu, da bayanin irin sana'ar da nake yi. Ta bayyana mini bambancin rajistar sunan kasuwanci kawai da ta cikakken kamfani, wanda doka ke kallo a matsayin wani mutum daban da ni, mai iya ƙulla yarjejeniya da buɗe asusu da sunansa. Na zaɓi na biyun. Da na kawo maganar masu ƙirga ƙusa, ta ce haraji akwai shi, da rahoton da ake kai wa hukuma duk shekara, amma da ƙa'idarsa, kuma ƙaramin kamfani ba a yi masa awo da mudun babba. Wahalar da na sha ɗaya ce, zaɓen suna. Na kawo sunaye masu girgiza ƙasa, da duniya a ciki, da nahiya, da zakaru. Duk wanda ta bincika a kwamfuta sai ta ce wani ya riga ni, ko kuma ya yi kama da na wani. Ashe tun ina zaune wajen mai shayi ina surutu, mutane suna can suna kwashe sunaye. A ƙarshe na haƙura da sunan mahaifiyata, na haɗa da sana'ata. Shi ya wuce.

Ranar da satifiket ya fito, na sa aka buga shi, na yi masa firam da katakon da ban taɓa yi wa kwastoma amfani da shi ba don tsada. Na buɗe asusu. Na koma gaban kwamiti. Dattijon nan ya duba ya ce kamfanin ai jariri ne, ko zama bai fara ba. Na ce ranka ya daɗe, jariri ne, amma da furfura aka haife shi. Suka yi dariya, sai dai dariya ba ta sauya ƙa'ida ba. Kujerun ajujuwa, wato tsokar aikin, suka ba kamfanin Alhaji saboda tarihinsa, tarihin da na gina da gumina. Ni aka ba ni teburan malamai da kantocin littattafai, wai a gwada ni. A gwada ni! Na haɗiye, na karɓa, na yi godiya. Na dawo na zauna a kan teburan nan kamar na sarki zan ƙera.

Ba a jima ba sai ga ɗan Alhaji a ƙofar shago, yana sosa ƙeya. Ya zagaya wajen wasu kafintoci, aikinsu bai gamsar ba, lokaci na ƙurewa, mahaifiyarsa kuma ta ce masa ya daina wahalar da kansa ya koma wurin Babansa, wato ni. Ya ce yana so in ƙera kujerun. Na ce da farin ciki, ɗana, amma yanzu ba da ni za ka yi magana ba, da kamfani za ka yi, kuma daraktan yana da tsauri. Muka je wurin lauya, aka rubuta yarjejeniya tsakanin kamfani da kamfani, kowa da haƙƙinsa, kuma kowace kujera za ta fita da tambarin shagona. Ya sa hannu, na sa hannu, muka ci tsire tare. Haka kayan makarantar nan kaf suka fito daga hannuna, da sunan kamfanina a jiki. Yau ni da yaron abokan hulɗa ne, yana kawo aiki ina kawowa, wasu makarantun kuma kai tsaye suke kirana. Babbar 'yata na cikin daraktoci, har ta fara yi mini faɗa a kan rasit.

Na yi nasara, alhamdu lillahi, amma idan na tuna shekarun da na zubar, dariyar takan ɗauke mini. Alhaji mutumin kirki ne, ɗansa ma haka, kuma duk da haka saura ƙiris in wayi gari ina yaron shago a shagon da na gina. Ina ga wanda ya yi aro a hannun mugu? Don haka ina kira ga 'yan'uwana masu aikin hannu, kafintoci da masu walda da teloli da masu girkin biki: aron kamfani ba wayo ba ne. Amana tana tsakaninka da mutum, mutum kuwa yakan tafi, magadansa takarda za su karanta. Kada ku ɗauki fatawar doka a bakin irina a wajen mai shayi. Ku je ku tambayi masana, ku yi rajista tun kuna da ƙarfin ɗaga guduma, domin aikin da ba ya ɗauke da sunanka, ranar da za a yaba shi kana iya zama a wurin, a ba wani hannu, kai kuma a ce ka matsa za a ɗauki hoto.