Kalmar da Ta Kulle Ni a Gida

Ƙawayena na firamare, kusan shekara biyu ba ku ji daga gare ni ba. Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: tun ina shekara goma sha huɗu nake aske gemu da rezar Baba, a ɓoye.

Al'adata ta tsaya. Muryata ta yi kauri, har in na yi sallama sai a ce, "Wane ne?" Sai na daina magana.

Inna ta kai ni asibiti a Diffa. Aka ɗebi jini aka tura Yamai, muka jira sati uku. Doktan Faransanci kawai yake ji, sai wani ma'aikaci ya fassara: "Hajiya, ya ce abin namiji ya yi yawa a jikinta."

Inna Babarbariya ce, Hausarta ta kasuwa ce. Ta haɗa wannan magana da tsayawar al'adata, ta ɗauka ciki na yi. Muna shiga gida ta ce, "Faɗa min sunansa."

Na rantse, ba ta yarda ba.

Wata huɗu ban wuce zaure ba. Aka tsinke tattasai a bakin kogin Komadugu, aka shanya, ban gani ba. Gashi kuma bai fasa fitowa ba.

Baba ne ya sayar da buhu biyu na tattasai ya kai mu Damagaram. Can muka samu dokta mace mai jin Hausa. Ta zana ƴan gidaje huɗu manne da juna kamar saƙar zuma, ta ce, "Abin namijin da aka ce, sunansa testosteron. Jiki ne yake yin sa daga wani irin kitse. Shi ke sa gemu da kaurin murya. Kowace mace tana da shi kaɗan, har ke Hajiya. Ba wanda ya taɓa ƴarki."

Hoton ciki ya nuna ƙari a gidan ƙwai, shi ke ta zubo testosteron ɗin. Na ji tsoron wuƙa sosai, amma aka cire lafiya. Bayan wata biyu al'ada ta dawo. Muryar dai an ce ta zauna ke nan.

Inna ba ta ba ni haƙuri ba har yau, sai dai ta koma aikena kasuwa.

Na gode wa Allah, da Baba, da wannan dokta. In an fassara muku maganar asibiti, ku ce a sake faɗa, ku tambayi ma'anarta kafin ku tashi.

Ni kuma jiya, daga kasuwa, na biya na rubuta sunana a makarantar yamma ta Faransanci. Ban faɗa a gida ba tukuna.