Mutumin da Ya Koya Mini Tafiya da Baya

Shekara bakwai ke nan da rasuwar aminina Sani, likitan gashin ƙashi a wani asibiti a Shumaisi, nan Riyad. Har yau in na ce shi ya koya mini rawar tango, sai a dubi gemuna a yi dariya.

Wani abokin aikinsa ɗan Ajantina ne ya koya masa. Rawa ce ta mutum biyu suna fuskantar juna, ɗaya na takowa gaba, ɗaya na ja da baya. A lokacin ba a yin irinta a fili. A falonsa na unguwar Ulaisha muke haɗuwa ranar Juma'a bayan la'asar, a naɗe darduma, a saki labule, a rage sauti. Kowa da matarsa.

Ni ba sha'awa ce ta kai ni ba. Matata Binta ta yi shanyewar ɓarin jiki. Ƙafar ta dawo, amma tsoron faɗuwa ya zaunar da ita, likitoci kuma suka ce in ta ci gaba da zama, ta daina tafiya ke nan.

Ranar farko na kamo hannunta na yi gaba, yadda muka saba a titi, miji a gaba mace na biye. Sani ya kashe kiɗan.

"Malam Garba, buhun shinkafa kake ja? Saki Hajiya."

Dokarsa ita ce, ba namijin da zai jagoranci matarsa sai ya fara koyon bi. Ya sa na rufe ido, ya dafa bayana, ya yi ta tura ni da baya. Na yi ta laluben ƙasa da ƙafa, ina tsoron faɗuwa.

"Shuwayya shuwayya," ya ce da Larabci, wato a hankali. "Abin da Hajiya take ji kullum ke nan."

Na yi watanni a matsayin mace, matan suna yi mini tsiya wai na fi su rangwaɗa. A nan na koyi jira har sai mutum ya sauke nauyinsa a ƙafa ɗaya kafin a nemi ya ɗaga ɗayar. Ranar da aka bar ni na jagoranci Binta, sai da muka zagaye falon ba ta dubi ƙasa ba.

Yanzu Riyad ta sake, kiɗa ya fito fili. Na san da Sani yana raye zai yi murna, ya kuma yi mita, don samarin yau ƙafa suke koyo ba haƙuri ba. Mu da muka rage muna nan kan dokarsa: duk sabon miji sai ya rufe ido. Ina kewarsa ƙwarai.

Da azumin bana muka je Umra. A bakin Harami masu tura keke suka tare mu, na fara tambayar ko za ta hau. Binta ta girgiza kai.

"Alhaji, ka dai jira ni in sauke ƙafa."

Da ƙafarta ta gama ɗawafi. Da ta ɗaga hannu don addu'a, kafin 'ya'yanmu, kafin ni, sunan Sani ta fara kira. Allah ya jiƙansa.