Sunan da Iya Ba Ta Faɗa

Yayana Mu'azzam gyaran waya yake yi a bakin kasuwar Maigatari. Tun yana ƙarami ba ya ganin abu ya ƙyale, sai ya kwance ya ga cikinsa. A rumfar nan tasa ya koya wa kansa haɗa shafin intanet.

Ni kuwa a hannuna tsofaffin hotunan gidanmu suke, da kaset na hirar kakanmu, marigayi Malam Ishaƙ na Gagarawa Tasha. Da suka fara lalacewa, Yaya ya ɗora su duka a wani shafi da ya yi wa zuri'armu. Ya sa wurin nema: ka faɗi sunan mutum, waya ta kawo maka hotonsa da muryarsa. Don kakarmu Iya, matar Malam, ya yi haka. Idonta ya yi rauni, kuma tun rasuwar mijinta ba ta sake jin muryarsa ba.

Muka kai mata har Gumel.

"Iya, faɗi sunansa kawai," in ji Yaya.

Ta kau da kai. Ya jujjuya wayar, wai ko sabis ne.

"Iya, ɗan ɗaga murya."

"Kai, marar ta ido! Sunan wa zan kama? Da wannan bakin nawa? Ɗauke abarka."

Sai a sannan muka tuna. Iya ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, kunya ce irin tasu. Kuma ba za ta roƙi jika ya kunna mata muryarsa ba, ko za ta mutu da kewa.

Yaya bai yi musu ba. Ya rufe rumfa, ya bi tsofaffin danginmu har Sule Tankarkar yana tambaya: ke me kike ce wa mijinki, me kike ce wa ɗanki na fari? Suna dariya suna gaya masa. A can aka ce masa Iya "Mutumin Tasha" take cewa. Duk ya koya wa shafin.

Da muka koma, ya nuna wa yatsanta inda za ta danna, ya ja ni muka fita tsakar gida. Muka raɓe kusa da ƙofa muna kasa kunne. Can muka ji ta ƙasa-ƙasa: "Mutumin Tasha."

Muryar Malam ta tashi, yana ba da labarin shekarar da gero ya yi kyau. Yaya ya zauna a kan turmi, ya ce alhamdulillahi.

Daga ɗaki Iya ta ce, "Ku masu laɓe, ku matsa can. Hira muke yi."