Malam Ila Mai Dodo, Wa Zai Tara Mana Masu Ba Da Jini?

Ina tsaye a barandar asibiti ranar Talata, sha ɗaya ga Fabrairun 2025, nas ta ce jinin 'yata Zahra'u ya sake yin ƙasa, kuma babu irin nata a ajiye. Ta ce, "Kira mutumin naku mana." Na kira lambarka, Malam Ila, sai matarka Atika ta ɗauka. Na ce ta ba ka. Ta ce, "Maman Zahra'u, yanzu aka fita da shi." Na ɗauka gareji take nufi, har na ce to idan ya dawo. Sai na jiyo kukan mata a bayanta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

An ce da safe ka yanke jiki ka faɗi a garejinka na Kurmin Mashi, da sifana a hannunka.

Ni ɗinki nake yi, ban yi karatu mai zurfi ba. Abin da idona ya gani zan faɗa.

Tsohuwar a-kori-kura ka ɗora wa tayoyin tarakta, ta yi tsawo har sai da tsani ake hawanta. Yara suka sa mata suna Dodo. Duk ƙarshen wata kana fito da ita filin ƙwallo, ka jera matattun motoci, ka bi ta kansu kana murƙushe su, jama'a na ihu. Ba ka taɓa karɓar kuɗin kallo ba. Mai son zama a layin gaba sai ya fara shiga rumfar ma'aikatan lafiya ya ba da jini leda ɗaya, domin yaranmu masu sikila. Na ji ka da kunnena kana ce wa wani direba, "Haba Jibrin, ƙato kamarka, kana jan tirela har Legas, allura ce za ta kore ka?" Aka yi dariya, ya naɗe hannun riga ya shiga.

Duk yaron da aka sallama daga asibiti, da kanka kake ɗaga shi ka zaunar a kujerar direba ya danna hon. Ranar da Zahra'u ta danna, ta tsorata ta ƙanƙame wuyanka, sannan ta ce a sake. Tun daga nan idan ciwo ya tashi ba ta yi wa allura gardama. Cewa take, "Idan na warke Baba Ila zai ɗora ni."

A wurin zaman makoki direbobi sun yi min alkawarin za su ba Zahra'u jini. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan yana hanya, wancan zazzaɓi, wani wayarsa a kashe. Ban ga laifinsu ba. Kai suke jin kunya, ni ba su san ni ba. Ƙaninka ya gwada tayar da Dodo, ko ƙofar gareji bai iya fitar da ita ba. Yanzu ana maganar sayar da tayoyin. Na ce a ɗebi nawa jinin, aka gwada aka ce ni ma bai ishe ni ba.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa kowane ɗigon jini da ka tara ya zame maka sadaka mai gudana. Atika, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya raya marayun da ya bar miki. Mu iyayen masu sikila muna cikin wannan rashi tare da ke.

Zahra'u tana kwance har yau. Ban gaya mata ka rasu ba. Likita ya ce leda biyu take bukata, kawunta ya ba da ɗaya. Ɗayar ba mu samu mai bayarwa ba.