Tafin Hannun Inna Kar-a-taɓa

Kafin a buɗe ƙofar gidan nunin zane-zane, ita ta riga ta iso. Za ta goge kujerarta ta roba, ta ja jar igiyar nan da ke raba mutane da hotuna, ta ji ko ta yi sako-sako. Sannan ta zagaya zauren, hannuwa a baya, tana duban kowane zane kamar uwar da ke duba 'ya'yanta da safe. In ta gama sai ta zauna a kusurwa, ta ɗora jaka a cinya, ta gyara murya. Muryar nan ita ce kayan aikinta. Daga nan har a tashi, magana ɗaya ce a bakinta: "Kar a taɓa."

Sunan da ya bi ta ke nan, Inna Kar-a-taɓa. Ko mijinta in ya zo nemanta haka yake tambayar maigadi, don in ya faɗi na yanka ba wanda zai gane. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki bayan shekara da shekaru, shi ya sa na ce bari in ba ku labarinta tun tana ji da kunnenta.

Ta dalilin jikata na san ta. Tun yarinyar tana ƙarama, in zafi ya dame mu, nakan kawo ta gidan nunin mu sha sanyin na'ura, tunda shiga kyauta ne. Ita kuwa hannunta ba ya zama wuri ɗaya. Inna takan zaro ɗan tsumma daga jaka, ta goge mata danƙon alawa, ta riƙe hannun gam, ta zagaya da ita. "'Yar nan, ki ba idonki aiki, hannun ya huta."

Wani babban mutum ya taɓa zuwa, da masu riƙe masa waya da masu yi masa dariya. Ya tsaya gaban wani zane mai tudu-tudun fenti, ya miƙa yatsa. Manaja na gefe yana murmushi, zufa na karyo masa. Sai aka ji daga kusurwa: "Ranka ya daɗe, kar a taɓa."

Ya juyo. "Baiwar Allah, kin san ni kuwa? Zan iya sayen zanen nan har da bangon da ke riƙe da shi."

Ta ce, "Allah ya ƙara buɗi. In ka kai gida, ka yi matashin kai da shi ma. A nan dai da ido ake kallo."

Masu dariya suka rasa ta wa za su yi. Ya sayi zanen kuwa, kuma an ce har yau ba ya barin kowa ya matsa kusa da shi a falonsa.

Mijinta, tsohon tela, ya ce min abin ya bi ta har gida. "Yaya, ko murfin tukunya na lallaɓa na ɗaga, sai in ji daga tsakar gida. Da aka haifa mana jika na miƙa hannu zan ɗauka, wallahi daga bakin ƙofa aka ce in kalla."

Amma kada ku ɗauka mai zafin zuciya ce. Wata rana wani malami makaho ya shigo, ya miƙa hannu yana lalube. Inna ta buɗe baki ta rufe. Ta taso ta kama hannun rigarsa, ta bi da shi zane bayan zane tana yi masa bayani. "Malam, nan wata mata ce, wuyanta dogo kamar na mai leƙen maƙwabta. Hancinta kuma mai zanen ya kai shi kusa da kunne, ban san me ta yi masa ba." Malam ya yi dariya har da riƙe ciki. Bai taɓa komai ba, amma ya fita yana sa mata albarka. Jikata na tsaye tana kallo, ashe abin ya zauna mata a rai.

Yarinya ta girma, ita ma ta zama mai zane. Bana aka ba ta bango guda a nunin, karonta na farko. Me za ta kawo? Wani ƙaton allo shafe da ɗanyen yumɓu, sumul, ba komai a kai. Na ce, "Ke, duk karatun nan, yaɓe kika koyo?"

Ta ce, "Tsohuwa, ki bari ki gani. Duk wanda ya shigo zai danna tafin hannunsa a kai. Hannuwan su ne aikin. Ko makaho ya zo, yana da rabo."

Sai dai yumɓu ba ya jira. Kafin yamma zai bushe, kuma da yamman ne masu zaɓen ayyukan da za a kai babban baje koli za su zo. In suka tarar ba hannu ko ɗaya, bango kawai za su gani su wuce, wahalar shekara guda ta tashi a banza.

Ranar buɗewa zaure ya cika. An rubuta da manyan baƙaƙe a saman allon: A TAƁA. Kowa sai ya karanta, ya saci kallon kusurwa, ya mayar da hannu aljihu. Wani saurayi ya ce wa abokinsa, "Tarko ne, ni ba za a yi da ni ba." Wata ta ce wa ɗanta, "Taɓa ka gani, ni dai ba ruwana." Ni kaina na ɗaga hannu don in taimaki jinina, Inna ta yi ɗan tari, sai na ga ina sosa kunne. Mutanen da ta yi shekaru tana horarwa, rubutu ne zai warware su rana ɗaya?

Jikata ta je ta durƙusa gabanta. "Inna, don Allah ki ce musu su taɓa. Ke kaɗai za su ji."

"Na sani, 'yar nan, manaja ya gaya min."

Ta miƙe, ta gyara murya, zaure ya yi tsit. Ta ce, "Jama'a, kar a..." Ta dafe baki. Ta sake jan numfashi. "Jama'a, yau dai, don girman Allah, kar..."

Mijinta, da ya kawo mata abincin rana, ya ce daga bakin ƙofa, "Ku daina wahalar da ita, ba zai fito ba. Ni na fi ku sani."

Aka yi dariya, amma jikata ba ta yi ba. Gefen yumɓun ya fara fari-fari, idonta ya cika da ƙwalla. Inna ta dubi allon, ta dubi yarinyar da ta sha goge wa hannu. Sai ta sauke jakarta ƙasa, abin da ba a taɓa gani ba. Ta cire zobe ta miƙa wa tela, ta naɗe hannun riga, ta kwance jar igiyar da kanta. Ta tsaya gaban allon, ta yi bisimilla, ta danna shi a tsakiya.

Ta ɗan jima a haka. Sannan ta ce a hankali, "Ashe sanyi gare shi."

Ta juyo ta ɗaga tafin hannu duk laka. "To, me kuke jira? Ko sai na kamo ku ɗaya-ɗaya?"

Kai, jama'a! Sai ka ce an buɗe wa awaki ƙofa. Yara, 'yan mata, masu kwat, har maigadi ya bar ƙofa. Inna ta dawo hayyacinta nan take: "A bi layi! Hannu ɗaya kowa! Kai mai tabarau, matsa can, kar a taɓa nawa!" Da masu zaɓe suka iso, su ma layin suka bi, suka fita suna goge hannu da hankici. Aikin jikata na cikin waɗanda suka ɗauka.

Inna, ke ce idon zaure. Ke ce kika tsare aikin mutanen da ba su san sunanki ba, kika tsare shi daga mai alawa da mai rakiya, ba ki bambanta ba. Ranar da tsarewar ta zama a saki, kika saki, ko da bakinki ya ƙi. Mun gode, ni da jikata da duk wanda zanensa ya kwana lafiya a hannunki. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya ba tela ikon ɗaga murfin tukunya.

Ku kuma masu tasowa, duk kujerar da aka ba ku, ko ta roba ce a kusurwa, ku riƙe ta kamar yadda ta riƙe tata. In kun je baje kolin, ku nemi allon. Hannuwa sun hau kan juna ko'ina, sai guda ɗaya a tsakiya da aka bar wa fili kewaye da shi, don ba wanda ya yi ƙarfin halin matsawa kusa. Nata ne. Yumɓun ya bushe yanzu, an ja masa igiya, ku kalla da ido.