Ranar da Yaya Bello ya hana ni lodi saboda rilen birki

Shekara shida ke nan da muka kai Yaya Bello makwancinsa a Jega, amma har yau in na biyo ta bakin tasha sai idona ya kai inda rumfarsa take. Masu cajin waya ne a wurin yanzu. Nakan rage gudu, in tuna babu wanda zan gaisar, in ƙara mai.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma gyaran wutar mota ne sana'arsa. Ni direba ne, ina jigilar mutane tsakanin Jega, Aliero da Maiyama. Akwai maganar da na riƙe ban gaya masa ba har ya rasu, ita ce ke hana ni sakat duk sanda watan rasuwarsa ya zagayo.

A farkon wata damina, 'yar fitilar nan ruwan ɗorawa mai rubutun ABS ta kama a gaban sitiyarina, ta ƙi mutuwa. Birki yana ci, don haka ban damu ba. Direbobi da yawa baƙin salatif suke manna mata su huta. Ranar kasuwa na tsaya wurinsa da safe, na ce ya cire mini ƙwan in wuce, layina ya kusa.

"Mi hitila ta yi ma, Umaru?" in ji shi. "Gaya ma takai akwai ciwo. Buɗe bonet."

Ya ce na'urar ABS ita ke hana tayoyi ƙamewa in an taka birki da ƙarfi, har sitiyari ya ci gaba da jin magana. Ya fara da fiyus, ya tarar lafiya lau. Sai ya ɗora yatsa kan wani ɗan baƙin akwati da bai kai gidan ashana ba. Shi ne rile, makunnin da ke sakar wa famfon birkin wuta. Ya ce in murɗa makulli. Na murɗa, rilen ya yi ƙas. Na ce to ai ga shi yana aiki. Ya zare shi, ya haɗa da batir da fitilar gwaji. Ƙarar tana nan, amma wuta ba ta ƙetarewa. Da ya ɓalle murfin, bakin ƙarfen ciki ya ƙone ƙurmus. Don ya tabbatar, ya ciro na fanka, wanda iri ɗaya ne, ya sa a gurbin. Na kunna, fitilar ABS ɗin ta ɗan jima ta mutu.

Na ce a bar shi haka. Ya ce sai injin ya tafasa mini a hanya, ya mayar da na fanka wurinsa. Rilen da ke hannun masu kayan gyara na kusa bai kwanta masa ba, sai ya hau babur ya tafi har Aliero wurin wani abokin sana'arsa, makullina a aljihunsa. Ina tsaye layina ya wuce, 'yan albasar da na saba ɗauka suka shiga wata motar. Da ya dawo bayan azahar ya sa sabon rile, na gaya masa magana a gaban mutane, na ce bai iya komai ba sai ɓata wa mutum rana.

"Mutane kaka ɗauka, ba buhunna ba," ya ce, ya miƙo mini makulli.

Bayan mako uku, da la'asar, ruwa ya ɗauke, titi ya jiƙe da laka. Kusa da Danwarai wata mata da goyo ta ɓullo daga bayan wata babbar mota da ke tsaye. Na danne birki da dukkan ƙarfina. Sai na ji yana rawa ƙarƙashin ƙafata, gir-gir-gir, motar ba ta sulɓe ba, na karkata sitiyari ta bi. Tsakanina da matar bai kai taku ɗaya ba. Fasinja suka ɗauki salati. Ni kuwa na fi minti goma ban iya tayar da mota ba.

Ban gaya wa Yaya ba. Kunya ce ko girman kai, har yau ban rarrabe ba. Kullum in ce gobe. Da lokacin kaka ya zo sai ya kwanta ciwo, kwana takwas Allah Ya karɓi abinsa.

Yanzu kwamfuta ake jonawa a mota ta karanto ciwon. Kwanan baya a Maiyama na ga an jona wa wani abokina, aka ce ya canza famfon birki gaba ɗaya, babu wanda ya ɗora yatsa kan rile. Da Yaya na nan me zai ce? Wani lokaci in ga zai yi tsaki. Wani lokaci in ga shi ne zai fara sayen na'urar a Jega, don yana son sabon abu, sai dai ba zai yarda da ita ba sai ya gwada da hannunsa. Ina ta juya wannan a raina, babu mai raba mini gardama.

Me ya rage nasa? Kayan aikinsa an raba. Bai bar gida mai bene ba. Amma matar nan tana nan, tana tuyar ƙosai a bakin titin Danwarai, 'yar da ta goya a ranar har ta shiga makaranta. Ba ta gane ni ba, ba ta taɓa jin sunansa ba. Sau da yawa ina tsayawa da niyyar in ba ta labari, in kasa, in sayi ƙosai in wuce.

Makon jiya na daure. Na ce, "Baiwar Allah, ki sa wani Bello cikin addu'a."

Ta dube ni. "Wane Bello?"

"Wana ne. Ya rasu."

Ta ajiye matsami, ta goge hannu a zane, ta ɗaga tafukanta sama.